Jan Biro da Na'ura: Matsayin Ƙirƙirarriyar Basira wajen Duba Aikin Ɗalibai

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi nazarin wani ɓangare na aikin koyarwa wanda ba a cika kawo shi gaban taro irin wannan ba, watau duba aikin ɗalibi da mayar masa da gyara. Kowane malami ya san cewa darasin da ya tsaya gaban allo ya bayar rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin tarin littattafan da ya ɗaure a bayan babur ya tafi da su gida. Tun daga ƙarshen 1962 da aka buɗe Kwalejin Horon Manyan Malamai ta Zariya har zuwa yau, jan biro shi ne makamin wannan aiki. Yanzu kuwa ga wani baƙo ya sauka, wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, ana cewa zai iya karanta insha'in ɗalibi ya yi masa sharhi kafin malami ya gama buɗe murfin bironsa. Abin da za mu yi ƙoƙarin bayyanawa shi ne inda wannan magana take da gaskiya, da inda take da ƙari, musamman ga mai koyar da Hausa.

Nauyin da ke kan malami

Ba laifi mu fara da gida. Wannan yanki na Tudun Wada da kewayensa ya daɗe da sanin aikin gyaran rubutu. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Yawancin littattafan da muka koyi daidaitacciyar Hausa a cikinsu sai da suka bi ta hannun masu duba gurfi na waɗannan ma'aikatu, harafi bayan harafi. Shi kansa Imam, da ya zo Zariya a 1936 don rubuta Magana Jari Ce, tare da Dokta Rupert East suka riƙa zama ana bin abin da ya rubuta. Marubuci ɗaya, mai gyara ɗaya.

Malamin makaranta bai taɓa samun wannan gata ba, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976 ajujuwa suka cika suka batse. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 35 zuwa 40 ga malami guda, amma duk wanda ya je duba ɗalibansa masu gwajin koyarwa ya san cewa wannan adadi a takarda yake. A manyan makarantu ma haka abin yake. Mu ɗauka malami yana da ɗalibai 300 a darasin insha'i, ya ba su jinga guda, ya kuma ware wa kowace takarda minti 10 kacal. Awa 50 ke nan, watau fiye da aikin mako guda cur, ban da shiga aji da sauran hidimomin sashe. Saboda haka abin da ke faruwa ba ɓoyayye ba ne: ko dai a rage yawan jingar, ko a buga maki a saman takarda a wuce, ko kuwa a mayar da ita bayan wata biyu, lokacin da mai ita ya manta abin da ya rubuta.

Mene ne gyara mai amfani?

Kafin mu tambayi ko na'ura za ta iya gyara, ya kamata mu san abin da muke nufi da gyaran. A nan makarantar allo tana da abin koya mana. Almajiri ya rubuta allonsa ya kawo, malam ya duba nan take a gabansa, ya nuna masa inda ya tsallake wasali ko ya karkata baƙi, ya biya masa, yaro ya koma ya gyara. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Ba a ba shi bakwai bisa goma. Abin da ake ba shi shi ne abin da zai yi yanzu, kuma ba ya wucewa gaba sai ya yi shi.

Binciken masana na zamani bai yi nisa da wannan ba. A 1988 Ruth Butler ta gwada yara 'yan aji biyar da shida a Isra'ila: wasu ta ba su maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai, wasu kuwa maki da sharhi tare. Waɗanda suka sami sharhi kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kaɗai ba, domin da zarar yaro ya ga lamba sai ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya manta da abin da aka rubuta masa. Har ila yau a 1996 Kluger da DeNisi suka tattara nazarce-nazarce 131 a kan wannan batu, suka tarar cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na gyare-gyaren da aka auna baya suka mayar da aikin. Mafi yawan abin da ke jawo haka shi ne gyaran da ya bar aiki ya koma kan mai aikin, yabo ne ko zargi. Wannan muhimmi ne ƙwarai ga maganarmu, domin ya nuna cewa yawan sharhi ba shi ne amfaninsa ba. Na'urar da za ta cika wa ɗalibi shafi guda da shawarwari goma sha biyar tana iya zama ba ta tsinana masa kome ba.

Asalin na'urar da yadda take aiki

Tunanin sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta duba insha'i ba na jiya ba ne. A 1966 wani Ba'amurke, Ellis Page, ya fito da tsarin da ke ƙidaya abubuwan da ake iya ƙidayawa, kamar tsawon insha'i da tsawon kalmomi da yawan waƙafi, ya kwatanta da makin da malamai suka bayar. A 1999 hukumar jarrabawa ta ETS a Amurka ta fara amfani da nata tsarin mai suna e-rater. Raunin waɗannan ya fito fili a 2014, sa'ad da Les Perelman da wasu ɗalibai suka ƙera wata manhaja mai zubo dogayen jimloli da manyan kalmomi marasa ma'ana ko kaɗan, na'urorin kuwa suka riƙa ba ta maki mai yawa.

Abin da ya sauya al'amari shi ne fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamba na 2022, da ire-irensa kamar Gemini da Copilot. Waɗannan ba ƙidaya suke yi ba. An ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, akasari daga intanet, har suka gwanance wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata. Da wannan hasashe suke gina jimla, da shi suke gina sharhi. Ke nan idan aka ba su insha'i aka ce su yi gyara, abin da suke fitarwa shi ne irin sharhin da ya yi kama da wanda malamai suka saba rubutawa a kan irin wannan insha'i. Sau da yawa yakan dace, har ya ba mutum mamaki. Amma lalle mu riƙe abu biyu. Na ɗaya, ƙarfin na'urar a kowane harshe gwargwadon yawa da ingancin rubutun da ta ci ne a wannan harshe. Na biyu, da murya guda take faɗin daidai da kuskure, ba ta inda-inda a kan abin da ba ta sani ba.

An gwada ta a ƙasar nan. A tsakiyar 2024 Bankin Duniya da gwamnatin Jihar Edo suka shirya darussa na bayan tashi daga makaranta a birnin Benin, na tsawon mako shida, inda ɗaliban babbar sakandare suka riƙa aikin Ingilishi da Copilot, malamai suna tsaye a kansu. Rahoton ya nuna cewa waɗanda suka shiga shirin sun fi takwarorinsu a gwajin da aka yi bayansa. A wannan shekarar kuma masu bincike na Jami'ar Stanford suka gwada wani tsari mai ba masu koyar da lissafi shawara suna cikin koyarwa, da malamai kimanin 900 da yara kimanin 1,800. Ribar ta fi fitowa a wajen malaman da tun farko suke da rauni. Abin lura a gwaje-gwajen biyu shi ne ba a cire malami ba, kuma dukkansu da Ingilishi aka yi su.

Matsalar Hausa

A nan ne gizo ke saƙar. Gaskiya ne Hausa ta fi harsunan Afirka da yawa samun shiga. Google ya sa ta cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, kuma ƙungiyoyin masana irin su Masakhane da HausaNLP suna ta tattara rubutu da tantance shi. Duk da haka abin da ke akwai na Hausa a intanet ɗigo ne a kan na Ingilishi, kuma babban kaso na wannan ɗigon shi ne ainihin irin rubutun da muke kwana muna ja wa layi. A dandalin sada zumunta ne ake rubuta "yazo" maimakon "ya zo", da "shine" maimakon "shi ne", da "dashi" maimakon "da shi", alhali dashi aikin mai lambu ne. Na'urar da ta ga "shine" sau dubbai ba lalle ta ɗauke shi kuskure ba. Wanda ya tashi a gidan da ake cin tuwo da hagu, da wuya ya tsawata wa mai yin haka.

Sai batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Tun shekarun 1930 aka shigo da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, amma yawancin masu rubutu da waya ba sa sa su. Malamin Hausa kuwa ya san cewa tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko baki da baƙi, ba ado ne ya raba su ba. Idan ɗalibi ya rubuta "baki sun zo", mahallin jimla zai taimaki na'ura ta gane baƙi ake nufi. Idan ya rubuta "ya yi bari" fa? Nan sai wanda ya karanta labarin tun daga farko da hankalinsa. Daɗin daɗawa, ɗalibanmu da hannu suke rubutu. Kafin na'ura ta karanta sai an ɗauki hoton takarda, kuma lanƙwasar ƙ a rubutun mai sauri 'yar ƙugiya ce da ko idon malami yakan yi shakkarta. Na'urar tana iya goge kuskuren da ɗalibi ya yi tun wajen karantawa, ko ta ɗora masa wanda bai yi ba.

Wanda ya fi waɗannan nauyi a ganinmu shi ne karin harshe. Ɗalibin da ya tashi a Zazzau zai rubuta "rigan Audu" da "mota ne", domin a karinsa ba a cika bambanta jinsi a waɗannan wurare ba. Na Sakkwato zai rubuta "tahi". A ma'aunin daidaitacciyar Hausa dole a gyara su, su koma "rigar Audu" da "mota ce" da "tafi". Amma akwai bambanci tsakanin a ce wa ɗalibi ya yi kuskure, da a ce masa nan ya yi Zazzaganci, ga yadda daidaitacciya take, ga kuma ƙa'idar da za ta raba shi da duk ire-iren wannan. Na farko yana sa shi ya ji kunyar harshen mahaifiyarsa, ya kuma ci gaba da yin kuskuren tun da bai san tushensa ba. Na biyu darasi ne na nahawu. Malamin da ya san cewa rabin ajinsa daga Zariya da Giwa da Soba suka fito, tun kafin ya buɗe takardun ya san abin da zai tarar. Na'ura ba ta san daga inda mai takarda ya fito ba sai an gaya mata. Haka nan idan ɗalibi ya sa wannan kari a bakin wani tsoho cikin ƙagaggen labari, to gwaninta ce, gyara ta ɓarna ne.

A fagen adabi kuwa sai a yi hattara ninki biyu. Tun da aikin na'urar haɗa abin da ya yi kama da gaskiya ne, tana iya ƙaga karin maganar da Bahaushe bai taɓa yi ba, ko ta jingina wa Aƙilu Aliyu baitin da ba nasa ba, ko ta ba da fassarar salon magana bisa ma'anar kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi kuwa zai karɓa hannu bibbiyu, domin ta zo masa a tsare, babu gogewa babu karce.

Rabon aiki

To, ina mafita? Ra'ayinmu shi ne a ɗauki na'urar a matsayin ƙaramin mataimaki mai sauri wanda ba ya gajiya, amma ba a sakar masa hatimi. Ta yi daftari, malami ya yanke hukunci, kuma kada kome ya isa hannun ɗalibi sai ya bi ta idon malami.

Inda ta fi amfani, a ganinmu, wuri ne da ba a cika ambata ba, watau duba aji gaba ɗaya. Idan aka ba ta insha'i 60 aka ce ta fitar da kurakuran da suka fi maimaituwa, za ta iya nuna cewa yawancin ajin suna haɗe wakilin suna da aikatau, ko ba sa buɗe sabon sakin layi idan magana ta sauya. Malami ya ɗauki takardu kaɗan ya tabbatar da idonsa, sa'an nan ya shiga aji ya yi darasin minti 20 a kan abin. Wannan ya fi a rubuta gyara iri ɗaya sau 60, kuma ko da na'urar ta kuskure a takarda ɗaya ko biyu, ba wanda aka zalunta. Tana kuma iya taimakawa wajen shirya jimlolin gwaji a kan wannan kuskure, muddin malami zai tace su.

Idan kuwa sharhi ake so ga kowane ɗalibi, to ingancin abin da za ta bayar yana rataye ga umurnin da aka ba ta. Dole malami ya rubuta mata ma'auninsa filla-filla: matakin ɗaliban, abin da aka koyar a wannan mako, abin da ake nema a jingar, da misalan gyaran da shi kansa ya yi. Ya kuma iyakance ta, ya ce abu biyu kaɗai za ta nuna, ta kawo jimlar da abin yake ciki, kada ta sake rubuta wa ɗalibi aikinsa, kada ta ba da maki. Alal misali, a ce jingar ita ce bayanin ranar kasuwa. In an bar na'ura da halinta za ta ce insha'in ya yi kyau ƙwarai, sai dai a ƙara bayani a kuma kula da ƙa'idojin rubutu. Wannan ba ya cutarwa, ba ya kuma magani, kuma ana iya manna shi a kowace takarda. Abin da muke so shi ne a ce wa ɗalibi: a sakin layi na biyu ka ce kasuwa ta cika, amma ba ka nuna mana kome ba, koma ka kawo abu uku da ka gani ko ka ji a layin 'yan hatsi, sa'an nan ka nemo wurare biyar da ka haɗe "ya" da aikatau ka raba su. Na'ura tana iya kawo kashi na biyu na wannan sharhi. Kashi na farko ma takan kusanta in an matsa mata. Amma sanin cewa wannan ɗalibi shi ne wanda bai taɓa rubuta fiye da rabin shafi ba sai yau, saboda haka a yi masa sassauci a kan ƙa'ida a ƙarfafa shi a kan bayani, wannan yana cikin kan malami kaɗai.

Mun ce kada ta ba da maki, kuma muna da dalili. Takarda guda in aka ba ta sau biyu tana iya fitar da maki biyu mabambanta. Ga ta da son faranta wa mai tambaya, in aka yi mata gardama sai ta janye ko da ita ce da gaskiya. Maki kuwa hakki ne, a kansa ake cin jarrabawa ko a faɗi, kuma ɗalibin da ya zo ƙorafi yana da ikon ya sami mutumin da zai ce ni na bayar, ga hujjata.

Haka nan muna jan kunnen 'yan'uwa game da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun da na'ura ta yi wa ɗalibi. A 2023 wasu masana na Stanford suka gwada guda bakwai da insha'in mutanen da Ingilishi ba harshensu na gado ba ne, sai manhajojin suka yanke cewa fiye da rabin takardun na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar a watan Yuli na wannan shekarar saboda rashin dacewarta. Ɗalibanmu duka suna cikin wannan rukuni idan da Ingilishi suka yi rubutu. Malamin da yake zargi, ya kira ɗalibi ya sa shi ya bayyana abin da ya rubuta da baki. Minti uku sun isa.

Akwai kuma amana. Takardar ɗalibi tana ɗauke da sunansa da lambarsa, wani lokaci har da sirrin gidansu, tun da mu ne muke ba su jinga a kan ranar da ba za su manta da ita ba. Wanda ya ɗora ta a kan manhaja ya miƙa ta ga kamfanin da ke wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hau kan makarantu kamar yadda ta hau kan bankuna, kuma jagorar da UNESCO ta fitar a watan Satumba na wannan shekarar ta ba da shawarar kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da waɗannan manhajoji shi kaɗai. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne a cire suna da lamba, a kuma sanar da ɗalibai cewa ana amfani da na'ura. Batun wuta da kuɗin data ba sai mun tsaya a kansa ba, kowa a zauren nan ya san daga aljihun wa za su fito in hukumar makaranta ba ta ɗauka ba.

Saura abu guda da ya shafe mu mu masu horar da malamai. Ɗalibin da muke yaye wa yau zai shiga aji da wannan manhaja a wayarsa, ko mun so ko mun ƙi. In bai iya gyara da hannunsa ba, ba zai gane lokacin da na'ura ta kauce ba. Don haka muna ganin a darasin dabarun koyar da Hausa a riƙa ba ɗalibai insha'i guda su gyara da jan biro tukuna, sa'an nan a nuna musu gyaran na'ura, su fitar da inda ta fi su da inda ta yi shirme. Takardun da suka taru ta wannan hanya, na ainihin ɗalibai, da gyaran da malamai suka amince da shi, da bayanin karin harshen mai kowace takarda, su ne irin abin da masu gina manhajojin Hausa suke nema, kuma ba a samunsu a intanet. Suna cikin kabad-kabad na sassan Hausa a Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato, ana ƙone su ko a sayar wa masu ƙosai duk bayan 'yan shekaru. In sassan nan za su yarda a kan ma'aunin gyara guda, kowanne ya ware takardu 500 a shekara bayan an cire sunaye an kuma nemi iznin masu su, za a iya fara aikin a zangon karatu mai zuwa.